Kafin ki sayi kayan yanka da'irar ƙyalle, karanta wanga

Ƴan uwa mata teloli na nan Gusau masu haɗa zanen gado da bargo da ragowar atamfa, ana yawan tambayata wai me za a saya don da'irar da anka ɗora bisa bargon ta fito sumul babu ƙusurwa. Toh gaskiya ba yankan ba ne ka gyara da'ira, naɗin bakin ne, ko da injin kinka yanka in bakin bai naɗu daidai ba sai ta fito kamar ƙosai.

Mu fara da mai tsadar. Akwai wuƙar Olfa ta ƙasar Japan mai kamar kamfas na ƴan makaranta, tsini a tsakiya reza mai juyawa a gefe, tana yanka da'ira mai faɗi daga santimita 4 har 22. Tana da kyau wallahi, amma ki sani dole sai da tabarmar yanka ta roba a ƙasa, in kinka ɗora ta bisa teburi ranar nan rezar za ta dakushe, rezar kuma milimita 18 ce ba kowane shago ka aje ta ba, sai dai ki yi sautu Kano ko ki yi oda ta intanet kuma farashin dala yake bi. In ba kina fidda barguna da yawa duk wata ba ki bar ta tukun.

Abin da ni nika ba da shawara shi ne faifan robar nan mai jure zafi, Mylar, akwai saitin da ake kira Perfect Circles mai girma daban daban. Ga yadda aikin yake: ki yanka ƙyallen ya ɗara faifan da kamar kwatan inci ko ƙasa kaɗan ta kowane gefe, ki bi gefen da allura da zare ɗinkin hannu ƙanana ƙanana, ki aza faifan a tsakiya ta bayan ƙyallen sai ki ja zaren a hankali, za ki ga bakin ya tattaru ya rungume faifan. Ki shafa sitaci da ɗan buroshi a bakin kawai, ki danne da dutsen guga har ya bushe ƙarau, ki bari ya huce sannan ki sassauta zaren ki zare faifan. Masu dutsen gawayi ku yi hattara don Allah, wutar ta zama matsakaiciya, in ta yi yawa ko Mylar ɗin lanƙwashewa yake.

In babu halin saye kwalin sabulu ko na maganin sauro ma ya isa, ki zana da murfin gwangwani ki yanka, sai dai kwali na shan ruwan sitaci bakinshi ya yi laushi, dole ki riƙa canzawa. Murfin roba kuma kar ki soma, narkewa zai yi ya manne ga ƙyallen.

Sai gam ɗin nan na guga da muke sa wa wuyan riga, mara nauyin. Shi ɗinke shi ake da ƙyallen fuska da fuska a zagaye, a tsaga tsakiyar gam ɗin a juyo. Ga manyan da'ira babu kamarshi, amma ƙanana wahalar juyowa gare su, kuma ki rage tsawon ɗinkin kekenki, in ba haka ba bakin zai fito da ƙusurwa.

Ƙyallen ma ki duba, atamfar auduga ta fi karɓar guga, mai santsin nan ta roba ba ta riƙe naɗi ko kin zuba mata sitaci kofi guda, gara ki aje ta don wani aikin.