Bull terrier: babba, ƙarami, ko Staffordshire?

Duk wanda ya taɓa ganin karen bull terrier da wuya ya manta shi, saboda dogon kansa mai siffar ƙwai da ƙananan idanunsa masu kusurwa uku. Kafin mutum ya ciro kuɗinsa, yana da kyau ya san asalinsa, domin daga can halinsa ya samo tushe. A Ingila aka samar da shi a ƙarni na 19, ta hanyar barbara tsakanin bulldog da karnukan terrier masu kamun ɓeraye, kuma an daɗe ana gwara kakanninsa faɗa. Wani dillalin karnuka na Birmingham, James Hinks, ya tace irin a wajejen 1860 har ya fitar da farare tas. Kan nan mai kama da ƙwai bai bayyana ba sai a 1917, a jikin wani kare mai suna Lord Gladiator.

Babban yakan kai kilo 22 zuwa 32, kuma duk tsoka ce. Yana da wasa da son mutane, amma yana da taurin kai, kuma idan ya fizgi igiya yaro ba zai iya riƙe shi ba. Ƙaramin, wanda tsayinsa a kafaɗa bai kamata ya wuce santimita 35.5 ba, ya fi sauƙin ciyarwa, sai dai halin ɗaya ne, ga kuma ciwon ido na gado da ya fi yawa a cikinsu. Shi kuwa Staffordshire iri ne daban, mai faɗin kai da gajeren baki, wanda ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a 1935, kuma nauyinsa tsakanin kilo 11 ne da 17. A ganina, shi ko ƙaramin sun fi dacewa da wanda bai saba kiwon kare ba.

Batun launi ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kurumta ta fi yawa a cikin farare, don haka mai saye ya tsaya bayan kwikwiyon ya tafa hannu, ya duba ko kunnuwansa za su motsa. Wannan ba ya gano wanda kunnensa ɗaya ne ya mutu, sai gwajin BAER na likitan dabbobi, wanda ke auna jin kowane kunne da na'ura. Bugu da ƙari, rana tana ƙona hanci da gefen kunnen farin, abin da ya sa na fi karkata ga mai launi a ƙasa mai zafi. Haka nan a nemi sakamakon gwajin ƙoda da zuciya na uwa da uba.

Wanda ke neman karen gadi da zai ɗaure da sarƙa a ƙofar gida ya nemi wani irin, domin bull terrier da aka bari shi kaɗai yakan shiga tauna kaya ko zagaye yana bin jelarsa ba tsayawa.