Gwajin ƙwayoyin gado da aka yi wa Baba bayan tiyatar mafitsara

Bayan an kankare ƙarin dajin da ke mafitsarar Baba, likitarsa ta ce a tura ɗan naman ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin gadonsa. Mako uku muka yi muna jira.

Sakamakon ya zo shafi tara, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Abin da ya ja hankalina shi ne, yawancin ƙwayoyin da aka lissafa masu alaƙa da tsufa ne. CDKN2A, wadda ke samar da p16, birkin da ke tsayar da ƙwayar jiki idan ta tsufa, a ƙarin Baba ta ɓace ɗungurungum. TERT kuma ta sauya, ita ce ke hana bakin zaren gado ƙarewa, sai ƙwayar dajin ta yi ta rarrabuwa ba gajiya. Likitar ta zana mana wannan a bayan ambulan, Baba yana gyaɗa kai yana murza carbinsa.

Wurin da gwajin ya biya mu shi ne FGFR3. Ita ma ta sauya, kuma akwai maganin erdafitinib da Amurka ta amince da shi a 2019 domin masu irin wannan sauyin, idan cutar ta yi nisa. Allah ya kiyaye.

Makin "haɗari matsakaici" na shafin farko kuwa, ban ga amfaninsa ba. Bai sauya komai ba: BCG, maganin da ake ɗurawa cikin mafitsara, mako shida, sannan leƙen mafitsara da kyamara bayan wata uku. Baba ya dube ni ya ce, "To, 'yar nan, matsakaicin me?" Na rasa amsa.