Rimot ɗin FlySky FS-i6 ga mai fara haɗa ƙaramin jirgi

Gaskiya duk wanda zai fara haɗa jirgin rimot da hannunsa, FS-i6 ɗin nan ya ishe shi. Tasha 6 gare shi (wato hanyoyin aika umarni ga jirgin), batir AA guda 4 yake ci, ga shi da sauƙin kuɗi, kuma allonsa yana nuna ƙarfin wutar risiba (na'urar da ke cikin jirgin mai karɓar umarnin rimot), wannan kam ya burge ni sosai.

Wajen haɗa shi da risiba ne ake yawan rikicewa alhali ba wani abu ba ne, ka soka ɗan fulogin bind (wato na haɗa rimot da risiba) a ramin risiba mai rubutun B/VCC, ka ba risiba wuta, sai ka danne maɓallin bind ka kunna rimot, da fitilar risiba ta daina ƙyaftawa da sauri shikenan ka zare fulogin. Wayar ESC (na'urar da ke sarrafa gudun moto) kuma tasha ta 3 take shiga a jikin risiba. In ka ji moto yana ta ƙara tii tii ya ƙi tashi, yawanci totur ne bai sauka ƙasa ba ko an juya tashar. In kuma moto yana juyawa baibai, musanya biyu cikin wayoyinsa uku.

Inda ban so ba shi ne ajiye saiti, sai ka danne maɓallin Cancel (na sokewa) ka riƙe kafin ya zauna, waye zai yi tunanin haka? Sabon shiga zai ta gyara saiti yana komawa yadda yake.

Don Allah kuma a cire farfela kafin a fara gwaji, tana tsaga yatsa ba wasa.