Wasiƙa daga Montriyal: watan neman gidan haya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Inna. Na ji saƙonka cewa za ka bar gidan Badariya ka nemi wani wajen Gesse, har kana tambaya ko mu ma a nan dillalai na wahalar da mu. To bari in ba ka labari, don lamarin gidan haya a nan Montriyal da kalanda yake tafiya.

A jihar Kebek ta Kanada, inda Montriyal take, yawancin yarjejeniyar haya shekara ɗaya ce, kuma tana ƙarewa ran 30 ga Yuni. Saboda haka 1 ga Yuli, ranar da sauran Kanada ke bikin ƙasarsu, nan garin kowa katifa yake ɗauka. A da 1 ga Mayu ake yi, sai a shekarun 1970 aka mayar da ita Yuli don kada a riƙa cire yara daga makaranta zango bai ƙare ba. Ka ƙaddara duk 'yan hayar Birnin Kebbi sun tashi rana ɗaya, daga Rafin Atiku har Gwadangaji. Haka na gani da idona. Motocin ɗaukar kaya sun yi tsada, wasu tun watanni suka kama tasu. Gidajen kuma da yawa matakalarsu a waje take, ta ƙarfe, mai murɗewa, ga ƙarti huɗu suna fama da firji a kai. Firjin da murhun ma ba ko'ina mai gida ke sa maka ba, wani wurin kai za ka zo da naka.

Sabon zuwa sai ya ɗauka Yuli ne lokacin nema. Ina! A lokacin an gama rabo. Doka ta ce mai gidan da zai ƙara kuɗi ya aiko da takarda wata uku zuwa shida kafin haya ta ƙare, ɗan haya kuma yana da wata ɗaya ya ba da amsa. Shi ya sa daga Maris zuwa Mayu gidaje ke fitowa a shafin talla na Kijiji da Facebook kamar tumatir a kakarsa. Zaɓi kam akwai shi, sai dai ka je duba ɗaki ka tarar da layi a ƙofa, kuma ba wanda zai saurari "a rage mini". A ƙarshen Agusta kuwa ɗaliban jami'o'in McGill da Concordia ke cika gari, nan ne na shigo, na yi wata huɗu a falon wani bawan Allah ɗan Dogondutsi ta Nijar. Shi ya riƙa karanta mini takardu, don kusan komai da Faransanci ne. Da na sani na riƙe ɗan Faransancin da muke tsinta a kasuwar Kamba.

A Janairu na samu nawa. Sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, ba mai son jan kaya cikin ƙanƙara, gidajen da suka rage kaɗan ne amma masu su sun matsu. Matar da ta ba ni ɗakin da kanta ta rage, ta kuma ce dumama gida a cikin kuɗin yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in kai ke biya, takardar kamfanin lantarki na Hydro-Québec ta hunturu sai ta sa ka salati. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne na ga gidan a mafi munin lokacinsa. Na sa hannu a bakin taga na ji ko iska na shigowa, na tsaya a bayi na ji ɗuminsa. Sai na tuna maganar Baba, cewa ba a kama gida da rani, a bari sai ruwan Agusta ya tona asirin kwano da kwata.

Wajen biya sun fi mu sauƙi ƙwarai. Wata-wata ake biya, kuma a Kebek doka ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin watan farko, babu kuɗin ajiya, ni ban kuma ba kowa la'ada ba. Ba irin namu da za a ce kawo na shekara cif, ga na dillali a gefe. Sai dai su ba ruwansu da ɗan gidan wane ne kai. Tarihin biyan bashinka suke dubawa a kwamfuta, baƙo kuwa ba shi da ko ɗaya, sai da ɗan Dogondutsin nan ya tsaya mini. A gida da liman ya yi magana an gama.

Batun Gesse, in mai gidanka zai yi haƙuri, ka ja shi zuwa damina. Ka je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka dubi silin da gindin bango, ka tambayi maƙwabta ko burtsatsen na kawo ruwa a watan Afrilu. In an samu mai tahowa, a sa mini kuka da daddawa, a ɗaure su sosai. Ka gaida Inna, ka ce mata na sayi rigar sanyin da take ta yi mini faɗa a kai.