Mako shida a cibiyar share fagen jarrabawar aikin tarayya: abin da kuɗin Yayata ya saya

Da Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafin neman aiki a watan Janairun 2025, ni ma na cike, kamar kusan duk waɗanda muka yi bautar ƙasa tare. Cikewa ba wuya in dai intanet ta ga dama. Abin da ya hana ni barci jarrabawar kwamfuta ce, don rabona da zama gaban allo ana ƙirga mini mintoci tun JAMB. Yayata ce ta biya mini naira 25,000 a wata cibiya nan Birnin Kebbi, mako shida, Litinin zuwa Alhamis bayan La'asar. Da ta miƙo mini rasit ta ce, "Auta, je ka koya, kada na'ura ta ba mu kunya." Ban sa kuɗin kabu-kabu daga Badariya cikin lissafin ba, shi ma ya ci nasa rabon.

Darussa huɗu suka raba mana: Turanci, lissafi da auna basira, al'amuran yau da kullum, sai dokokin aikin gwamnati.

Lissafin ne ya biya kuɗin. Malamin matashi ne, ba ya son dogon bayani. Ranar farko ya rubuta: buhun shinkafa naira 50,000, aka ƙara kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20, nawa ya koma? Ajin ya ɗauka baki ɗaya, "Hamsin!" Har da ni, da digirina. Ya bar mu muka gama murna, sannan ya nuna mana: ƙari ya kai shi 60,000, ragin kuma daga 60,000 ake cire shi, wato 12,000, saura 48,000. Ya ce masu tsara irin waɗannan tambayoyi sun san amsar da gaggawa ke kai mutum gare ta, shi ya sa suke ajiye ta cikin zaɓi huɗun tana jiranka. Daga nan muka bi kaso, matsakaici, riba da faɗuwa, jerin lambobi, da tambayoyin nan na leburori nawa za su gama gini cikin kwana nawa. Babu abin da ya wuce na sakandare. Agogo ne ke mayar da shi dodo.

Kowace Alhamis akwai gwaji a kwamfuta, tambaya 60 cikin minti 40, wato daƙiƙa 40 ga kowace. A gwajin farko na tsaya kokawa da tambaya ta tara kamar wadda ta ci mini bashi, ina ɗaga kai allo ya rufe ina ta 31. Malam ya duba sakamakon ya ce, "Tambayar da ta ƙi ka, ka ƙi ta. In lokaci ya rage ka dawo ku sasanta." A mako na biyar ina kaiwa ƙarshe har in sami mintoci uku na waiwaye. Wannan ba a koyonsa a littafi, sai hannu ya saba da linzamin kwamfuta. Akwai wata baiwar Allah daga Kalgo da ta fi mu duka ƙwaƙwalwa a takarda, amma makonta na farko ya tafi ne wajen koyon danna amsa ba tare da ta rufe shafin gaba ɗaya ba.

Turancin ba yabo ba fallasa. Karatun fahimta, kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu, cike gurbi. Abu guda da ya zauna mini shi ne yadda malamar ta kama mu da kalmar bayar da aro da ta karɓar aro, waɗanda Turanci ya raba, mu kuwa "ara" ɗaya ta ishe mu.

Inda raina ya ɓaci shi ne ƙunshin tambayoyin al'amuran yau da kullum da suka sayar mana daban, naira 3,000, an buga an ɗinke da bango mai sheƙi. Ɓangaren tarihi lafiya lau: haɗe Kudu da Arewa a 1914, 'yancin kai a 1960, jamhuriya a 1963, komawar babban birni Abuja a Disamban 1991, ƙirƙiro Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991 da Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. Waɗannan ba sa tsami. Amma da na shiga shafukan "wa ke riƙe da me", sai na ga an tsaya cak a wajen 2022. Gwamnan Kebbi wai Atiku Bagudu, alhali Nasir Idris ya karɓa tun Mayun 2023, shi Bagudun ma an naɗa shi ministan kasafi a shekarar. Gwamnan Babban Banki wai Emefiele, ba Cardoso ba. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000, bayan an mayar da shi 70,000 a Yulin 2024. Taken ƙasa ma wanda aka ajiye a Mayun 2024 aka buga. Shugabar ma'aikatan tarayya, wadda gidanta muke neman shiga, ba a sa Didi Walson-Jack da aka naɗa a 2024 ba, ba a kuma sa Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun a matsayin Alƙaliyar Alƙalai ba.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma: wai ƙasashe 15. Mu da Kamba ke bakin iyakarmu, mu da muka ji a jikinmu lokacin da aka rufe hanyar Nijar a 2023, a ce mana 15? Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa ranar 29 ga Janairun 2025, saura 12. Na kai wa mai cibiyar littafin, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan furar ta kwana." Ya yi dariya, ya ce za a sake bugawa. Har muka gama ban ga sabo ba, kuɗinmu ma ba a mayar ba. Abin da ya dame ni ba dubu ukun ba ne, waɗanda suka haddace shi ne kamar karatun allo ba tare da sun tuhumi ko layi ɗaya ba. Ni dai na sayi ƙaramin littafin rubutu, ina sauraron labaran rediyo safe da dare, ina rubuta sunayen masu muƙamai da fensir don gogewa ta yi sauƙi.

Dokokin aiki wani dattijo ne ɗan fansho ya koyar, kowa Baba yake ce masa. A bakinsa na ji cewa mai digiri kan fara ne a matakin albashi na 8, cewa daga na 10 ana tsallakawa zuwa na 12, cewa sabon ma'aikaci sai ya yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, ritaya kuma shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ya karanta mana sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 kan daidaiton rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa, ya ce, "'Ya'yana, gurbin jiharku ba ya zuwa gida ya same ku, sai kun zauna kun ci." Darasin akwai daɗi, sai dai shi da kansa ya faɗa mana cewa zurfinsa ya fi amfanar wanda ya riga ya shiga, mai shirin jarrabawar tabbatarwa ko ƙarin girma. Da ni ke tsara jadawalin, kwana biyu sun ishe shi, sauran a ƙara wa gwajin kwamfuta.

Domin kwamfutocin ba su isa ba. Goma sha takwas ne, uku ba sa tashi, mu kuwa mun haura arba'in, sai a yi layi biyu, wani lokaci uku. In wuta ta ɗauke kuma, kafin a tayar da janareta Magariba ta kawo jiki.

Wanda bai saba da kwamfuta ba, ko wanda lissafi ya daɗe da kuɓuce masa, ya je, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda hannunsa ya faɗa, ya tambaye su ko za su yarda ya biya kuɗin gwajin Alhamis kaɗai. Ɗan kawuna zai fara wata mai zuwa, na ba shi littafina na fensir, na ce in suka miƙo masa mai bango mai sheƙi ya buɗe shafin ECOWAS tukuna kafin ya sa hannu aljihu.