Sarƙar lambar sa'a: kai azurfa, igiya ƙarfe

Masu tambayata ta WhatsApp ko sarƙar nan ta lamba tana da kyau, ga amsarku a wuri ɗaya, don na gaji da maimaitawa.

Ni ba maganar sa'ar ce ta ja ni ba. Su dai masu sayar da ita a tallarsu wai ki zaɓi lambarki ki rataya ta ƙara miki ƙwarin gwiwa, sannan kashi 10 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga marayu. Ɗaukar lamba da sa'a ai al'adar wasu ce. 'Yan Chana 8 suke ƙauna, har gasar Olamfik ta Beijing sai da suka buɗe ta ranar 8 ga watan 8 na 2008, kuma suna gudun 4 yadda Turawa ke gudun 13. Yayana na ganinta a wuyana ya ce, "Ke, yanzu kuma layar 'yan boko kika koma ratayawa?" Na ce, "A'a Yaya, 19 ce, saboda 2019 na fara sayar da turaren wuta bayan rasuwar baban yara." Ba ta jawo min komai, ba ta kore min komai, Allah ne ke yi. In na gan ta a madubi dai ina tuna cewa na tsaya da ƙafafuna, kuma wannan ya ishe ni.

Saƙon ya iso tasha a nan Bauchi kan lokaci, kwalin ma mai kyau. Shi ke nan a wannan ɓangaren.

Wulaƙancin a Gombe ya same ni, wurin dinar ƙanwata, cikin zafin Afrilu. Kun san yadda Gombe take a lokacin, ko fanka iskar zafi take hurowa. Ana tsaka da liƙi na fara jin wuyana yana ƙaiƙayi, na daure. Sai wata gwaggon ango ta jawo ni gefe ta ce, "'Yar nan, me kika shafa a wuya haka?" Na haska da waya, wallahi layi ne kore shar ya zagaye wuyana, har ya ɓata bakin farin leshin anko. Ga ƙuraje ƙanana sun feso. Da mayafi na ƙarasa bikin, ni da aka sa a gaba wajen tarbar baƙi.

Da na dawo na kai wa wani mai sayar da azurfa a kasuwar Wunti. Ya nuna min 925 da aka buga a bayan lambar, ya ce ma'anarta azurfa kashi 92.5, ragowar galibi tagulla, kuma kan sarƙar na gaske ne. Amma da ya kawo mayen ƙarfe kusa da igiyar sai ta manne caraf. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, azurfa ba ta bin mayen ƙarfe, wannan ruwa kawai aka yi mata." To a tallar cewa suka yi duka azurfa ce, kuma kuɗin azurfa na biya.

Na rubuta musu da fushi, har na rantse ban ƙara. Abin da ya sanyaya min rai, da na tambayi ina kuɗin marayun yake tafiya ba su yi min kwana-kwana ba. Suka turo rasit, suka kuma ce in zo rabon kayan sallah a wata Islamiyya wajen Yelwa. Na je da kaina. Yadi ne mai kyau da takalma, har da kuɗin ɗinki a ambulan, kuma malamar ta san kowane yaro da sunan uwarsa. A nan kam na yaba, don mun sha ganin masu cin abinci da sunan maraya.

Sai dai washegari na ga fuskokin yaran nan a Instagram, ƙasan hoton kuma farashin sarƙa. Wannan bai min daɗi ba ko kaɗan, ni ma marayu nake riƙe da su a gida. Igiyar kuma da suka ce za su canza min, kullum "tana hanya daga Kano". Leshina har yanzu da tabo. Wadda ta matsu ta saya, ta ce a ba ta kan kawai, ta nemi igiya a Wunti, kuma ta sa a gwada mata a gabanta kafin ta biya.