Kwalejin jinyar da na shiga da C6 ɗina, abin da na gani a shekara ɗaya da rabi

Ƙannenmu da yawa suna tare ni, ko a gidan biki ko a waya, kuma tambayar ɗaya ce, Anti ya makarantarku take, za su ɗauki mai rizal irin nawa? To bari in faɗi abin da na gani da idona a wannan kwalejin jinya mai zaman kanta da nake ND 2, wato shekara ta biyu ta difloma, a cikinta yanzu, mai daɗin da marar daɗin duka, sunanta kawai zan sakaya tunda har yau ɗaliba ce ni a ciki.

WAEC ɗina C6 ce a Ingilishi da lissafi da fiziks, C5 a bayoloji, kemistiri kuma D7. Wanda bai sani ba ya sani, D7 ba kiredit ba ce, kuma hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, wadda mu muke ce wa Kansul, kiredit take so a waɗannan darussan biyar cif, a zama bai wuce biyu ba. Sai da na sake rubuta NECO ta ƙarshen shekara na samo C4 a kemistiri na haɗa takardun biyu. JAMB na ci 171 cikin 400. Da wannan makin ban ma wahalar da kaina da digirin jami'a ba, shekara 5 ne, kuma a irin su BUK da ABU masu sama da 200 ma da yawa ba sa samu. Na sayi fom ɗin makarantun gwamnati guda biyu, na je na rubuta jarrabawar shiga cikin cinkoson da ban taɓa gani ba, sunana bai fito ba. Ba wanda ya zalunce ni, gurbi ne kaɗan masu nema kuma kamar ƙasa.

Abu na farko da ya sa na ba wannan makarantar maki shi ne ranar da muka je da Baba. Wata maƙwabciyarmu tsohuwar nas ce ta ce masa Alhaji kar ka biya ko kwabo sai ka ga takardar amincewar Kansul da ta NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ka kuma tambayi mutum nawa aka yarje musu su ɗauka a shekara. Baba ya zauna a ofis ɗin rijistara ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya ce ranka ya daɗe ni ba ɗan boko ba ne amma an ce in ga takarda. Mutumin bai ɓata rai ba, ya tashi ya buɗe durowa ya ɗauko fayil ya miƙo min ya ce karanta wa Baba. Na karanta, adadin yana jiki. Da muka koma gida yayana ya duba jerin makarantun da Kansul ta amince da su a intanet, sunan yana ciki. Wallahi wannan tambayar ta adadi ita ce komai, don kowace makaranta akwai iya ɗaliban da Kansul za ta yi wa indeksin, wato ta yi musu rijista ta ba su lamba, idan makaranta ta kwashi mutane fiye da haka ragowar za su yi ta biyan kuɗi suna saka farin kaya amma ba lambar da za su zauna jarrabawar ƙarshe da ita, kuma ba lasisi ba aiki. Akwai inda muka fara zuwa kafin nan, da jin rizal ɗina suka ce ko da D7 ɗin ma ki zo za mu san yadda za a yi, Baba ko ruwan da aka kawo bai sha ba muka fito.

Karatun kuwa gaskiya sun yi ƙoƙari, kuma a nan ne nake so masu rauni irina su saurara. Zangon farko, wanda har yanzu PTS muke kiransa, shi ne rariyar tace ɗalibai. C6 za ta shigar da ke amma ba za ta zaunar da ke ba, duk abin da kika tsallake a sakandare zai biyo ki, ni kemistirin nan ya same ni a fiziyoloji, lissafin kuma ya same ni a auna magani. Akwai wata malama, Sista muke ce mata, bayan la'asar take tara mu waɗanda muka faɗi tes ɗin farko a ɗakin firaktikal ba tare da an biya ta ko sisi ba. Ba zan manta ranar da ta ajiye kwalbar maganin yara da sirinji a gabana ba, ta ce likita ya rubuta miligiram 250, a jikin kwalba an ce 125 a kowane mil 5, nawa za ki ja? Na yi shiru hannuna na rawa. Ta ce ƙanwata kar ki ji kunyata, ki ji tsoron yaron da zai sha. Ta sa na rubuta a allo sau uku har na gane da kaina mil 10 ne, sannan ta ce to ja in gani. Tun daga ranar lissafin magani bai sake firgita ni ba. Duk da haka ranar da aka liƙa sunaye bayan jarrabawar PTS akwai ƙawayena biyu da ba su tsallake ba, kuma makarantar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa ba, wanda ni a wurina alheri ne ko da ya yi ciwo.

Fostin ma ba laifi, babban asibitin gwamnati suke kai mu, muna auna hawan jini da zafin jiki, muna gyaran gado, muna wankin ciwo a gaban manya, sai dai motar makaranta ɗaya ce kuma takan makara, wani lokacin da kuɗinmu muke hawa adaidaita.

Inda suka gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Hostal ɗin ya yi mana kaɗan, mu takwas a ɗakin da bai kamata ya wuce mutum huɗu ba, ruwa sai an tada janareta a ja daga burtsatse, lokacin zafi sai ki ga layin bokitai tun kafin asuba. Laburare littattafan tsofaffi ne, yawancin karatun a waya muke yi. Abin da ya fi ci min rai shi ne kuɗi, abin da aka rubuta mana a takardar admishin daban, abin da muka biya kafin shekara ta ƙare daban, yau kuɗin yunifom gobe na fostin jibi na bikin saka hula, kuma kullum sanarwar sai ta zo a ƙurarren lokaci. Baba sai da ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye don ya cike. Da tun farko sun tattara komai a takarda ɗaya da mutum ya san abin da ya ɗauko.

To wa zan ce ya zo? Wadda ta haɗa kiredit biyar ɗinta ko da duk C6 ne, JAMB ɗinta ya kai, a 2025 dai 140 aka yanke wa kwalejojin jinya a matsayin mafi ƙaranci duk da makaranta tana iya ɗagawa, gidansu za su iya ɗaukar nauyin shekara 4 na ND da HND, wato difloma da babbar difloma, ba na shekarar farko kaɗai ba, kuma ta yarda za ta yi wata shida ba biki ba yawo. Idan akwai D7 ko E8 a ɗaya daga cikin biyar ɗin, don Allah ki koma ki gyara tukuna, shekara ɗaya ce. Kuma kar wani ya ce miki CHEW, wato karatun ma'aikacin lafiyar al'umma, da nasin, karatun jinya, abu ɗaya ne, karatu ne mai kyau amma hukumarsu daban lasisinsu daban, ki san wanda kike so kafin ki sayi fom. Ni dai da za a mayar da ni baya makarantar gwamnati zan sake gwadawa da farko saboda sauƙin kuɗi, idan ban samu ba nan ɗin zan dawo, amma wannan karon sai na sa an rubuta wa Baba jimillar kuɗin shekara a takarda kafin ya sa hannu.